Gyangyaɗi a wajen hadda: ki duba barcin yaronki da jininsa kafin ki ce lalaci ne



Duk uwar da take da yaro a makarantar hadda ta kwana ta san yadda kwana ukun farko na hutu suke wucewa. Yaro zai dawo, a yi murna, ya ci abinci ya kwanta. Washegari sai an yi da gaske ya tashi sallar asuba, yana sallamewa ya koma, ba a sake ganin ƙeyarsa sai azahar. Mukan yi dariya mu ce gajiyar makaranta yake saukewa.

Ranar ziyara kuma malaminsa ya faɗa miki maganar da take sosa zuciya: yaron nan yana da ƙwaƙwalwa, sai dai barci ya yi masa yawa, haddarsa tana zubewa. Daga nan sai faɗa ya tashi. A tuna masa kuɗin da ake kashewa, a kwatanta shi da ɗan maƙwabta da ya kai izu talatin, a makaranta kuma wani lokaci bulala ta shiga.

A aikina na jinya na ga irin waɗannan yara da yawa. Gyangyaɗin yawancinsu yana da dalili biyu da ake iya aunawa: barcin da suke samu bai kai abin da jikinsu yake buƙata ba, kuma jininsu ya yi ƙasa. Sau da yawa matsalolin biyu tare suke tafiya, kowacce tana ƙara wa ɗayar nauyi. Abin farin ciki shi ne duka biyun suna da magani, kuma mafi yawan maganin yana hannunki da hannun makaranta.

Mu fara da lissafin barci

A shekarar 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ake amfani da ita a ƙasashe da dama. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a cikin awa 24. Mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10.

To, ki tambayi 'yarki ƙarfe nawa suke kwanciya, ƙarfe nawa ake tashinsu. Amsar da na fi ji ita ce ana gama karatun dare wajen ƙarfe 10, kafin a yi wanki, a yi hira, a kashe fitila, 11 ta yi. Ana tashinsu ƙarfe 4 ko 4 da rabi domin nafila da tilawa kafin asuba. Awa 5 ke nan ko 5 da rabi. Idan shekararta 14, kullum jikinta yana binta bashin kusan awa 3. A mako ɗaya awa 21 ne, wato kusan yini guda da darensa. Wannan bashin ne take biya idan ta dawo hutu, kuma shi ne take biya kaɗan-kaɗan a zaune, Alƙur'ani a buɗe a gabanta.

Akwai kuma abin da balaga take kawowa. Ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari mai suna melatonin idan dare ya yi, shi ne yake sa mutum ya ji barci. Idan yaro ya fara balaga, sakin wannan sinadari yakan jinkirta da awa ɗaya ko biyu. Shi ya sa yarinyar da take ɓingirewa bayan isha'i tana 'yar shekara 9, yanzu da ta kai 15 idonta biyu har 11, da asuba kuma tashi ya zame mata aiki. Halitta ce, kowane matashi yana bi ta nan.

Bayan yawan awanni akwai ingancin barcin kansa. Ɗaki ɗaya mutum talatin ko arba'in, wani yana tari, wani yana munshari, wani ya kunna tocila yana muraja'a. Ga zafin Afrilu babu fanka, ga sauron damina, ga kuɗin-cizo a katifa, ga ƙazwa wadda ƙaiƙayinta ya fi tsananta da dare. Yaron da ya kwanta awa 6 a irin wannan ɗaki zai iya farkawa sau biyar ko shida.

Hadda a cikin barci take zama

Wannan ita ce maganar da nake so ta kai kunnen malamai. Abin da yaro ya haddace da rana yana ajiye ne a ƙwaƙwalwa kamar rubutun allo da bai bushe ba. Lokacin barci mai nauyi ƙwaƙwalwa take maimaita shi, ta mayar da shi wurin ajiya mai ɗorewa.

An daɗe da sanin haka. Tun a 1924 wasu masana biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach, suka gwada ɗalibai da haddace jerin gaɓoɓin kalmomi. Duk lokacin da ɗalibi ya yi barci bayan haddar, ya fi tuna ta a kan lokacin da ya ci gaba da harkokinsa ido biyu. Bincike iri-iri da aka yi bayan nan sun tabbatar da wannan.

Saboda haka idan aka yanke awa biyu daga barcin yaro aka ƙara a kan zaman hadda, an ƙara masa lokacin zubawa, an rage masa lokacin riƙewa. Zai yi ƙari da yamma, ya kawo da safe da kyar, bayan mako guda a nemi shafin a rasa.

Ƙarancin jini: me ake nufi?

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himoglobin. Aikinsa ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu ya kai ta ƙwaƙwalwa da tsoka da sauran gaɓoɓi. Jiki ba ya iya ƙera shi sai da sinadarin ƙarfe, wanda a asibiti za ki ji ana kira ayon. Kowace jar ƙwayar jini kwana 120 take yi ta mutu, don haka kullum jiki yana cikin ƙera sababbi. Idan ƙarfen da ake ci bai kai ba, ko jini yana zuba ta wata hanya, sai himoglobin ya yi ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka. Yaro mai shekara 5 zuwa 11, idan himoglobin ɗinsa bai kai 11.5 ba, yana da ƙarancin jini. Mai shekara 12 zuwa 14, iyakar 12 ce. Daga shekara 15, mace 12, namiji 13.

Matsalar ta yi yawa a ƙasarmu. Babban binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma kashi 68. Ke nan yara da yawa da guzurin matsalar suke shiga makarantar kwana tun daga gida.

Wani abu da ya kamata ki sani: ajiyar ƙarfen jiki takan ƙare tun kafin himoglobin ya faɗi, kuma tun a lokacin ƙwaƙwalwa take fara ji. A 1996 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani bincike da aka yi a kan 'yan matan sakandare a birnin Baltimore na Amurka. Ƙarfen jikinsu ya yi ƙasa, amma ba su kai ga ƙarancin jini ba. An ba wasu ƙwayar ƙarfe na mako 8, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba magani a ciki. Waɗanda suka sha ta gaskiyar sun fi sauran ƙoƙari a gwajin koyon kalmomi da tuna su. Koyon kalmomi da tuna su kuwa shi ne aikin mahaddaci daga safe zuwa dare.

Me ya sa ɗaliban kwana suka fi shiga haɗari?

Na farko, shekarun da ake kai su makarantar su ne shekarun da jiki yake tsawo da sauri, jini ma yana ƙaruwa. Masana abinci a Amurka sun ƙiyasta yarinya mai shekara 14 zuwa 18 tana buƙatar miligiram 15 na ƙarfe kullum, namiji miligiram 11, alhali kafin nan 8 ya ishe su.

Na biyu, jinin al'ada. Kowane wata yarinya tana rasa ƙarfe. Wadda take wuce kwana 7, ko take canza audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ko take ganin guda-guda, asararta ta wuce ƙima. A gida ke za ki lura. A makaranta kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa kowa ba.

Na uku, abinci. Tukunyar da za ta ciyar da mutum ɗari uku, a wannan tsadar, shinkafa ce da mai da yaji, taliya, tuwon masara da miya tsululu, shayi da burodi. Suna cika ciki, amma ƙarfen cikinsu kaɗan ne. Nama idan an gani ranar Juma'a, tsoka ɗaya ce.

Na huɗu, cututtukan da suke cin jini. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, yaron da ya yi shi sau biyu ko uku a zango ɗaya jininsa ba ya samun damar farfaɗowa. Akwai tsutsar ciki mai ƙugiya da take shiga ta tafin ƙafa idan ana yawo ba takalmi a inda ake bahaya a fili, ta maƙale a hanji tana tsotsar jini. Akwai tsargiya, wadda ake ɗauka a wajen wanka a kududdufi ko rafi ko madatsar ruwa. Har yanzu a wasu wurare idan yaro namiji yana fitsarin jini ana ɗauka alamar girma ce. Cuta ce, kuma tana da magani.

Inda barci da jini suka haɗu

Yaro mai ƙarancin jini ƙwaƙwalwarsa ba ta samun isasshiyar iska, don haka ko ya yi barci sosai da gajiya zai tashi. Da dare kuma wasu abubuwa suna hana shi samun barcin: bugun zuciya da yake ji har a kunnensa idan ya kwanta, ciwon kai, sanyin hannu da ƙafa.

Akwai wata larura da iyaye kaɗan ne suka san ta. Da yaro ya kwanta sai ya ji kamar kiyashi suna yawo a cikin ƙafarsa, ko ana jan jijiyar, ba ya samun sauƙi sai ya motsa ta ko ya tashi ya taka. Da rana lafiya lau, sai dare take tashi. Idan barci ya ɗauke shi ƙafar takan riƙa zabura, abokin kwanansa ya yi ta ƙorafin shuri. Ƙarancin ƙarfe yana cikin manyan abubuwan da suke kawo ta, domin ƙwaƙwalwa da ƙarfe take haɗa sinadarin dofamin mai daidaita motsin gaɓoɓi. A gidajenmu akan ce sanyi ne, ko a ce iska ce. Ki yi masa addu'a, ki kuma kai shi a auna jininsa.

Masu bincike a ƙasar Chile sun bi yaran da suka yi ƙarancin jini na rashin ƙarfe suna jarirai, suka tarar ko bayan shekaru tsarin barcinsu ya sha bamban da na sauran yara. Wannan ya nuna yadda ƙarfe yake da hannu a aikin barci tun daga ƙwaƙwalwa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, rashin barci yana buɗe wa ƙarancin jini ƙofa ta hanyar halayen yau da kullum. Yarinyar da ta kwana awa 5, idan aka ba da hutun karin kumallo ta fi son ta koma gado ta saci minti ashirin, abincin ya wuce ta. Da yunwa ta taso sai ta jiƙa garin kwaki da sukari. Da dare kuma, don kada barci ya kwashe ta wajen muraja'a, sai ta haɗa shayi mai kauri ko kofi. Ganyen shayi yana ɗauke da sinadarin tanin mai ɗaure ƙarfen abinci a cikin hanji ya hana jiki tsotsarsa, yana kuma ɗauke da sinadarin da yake kore barci. Kofi ɗaya ya yi ɓarna biyu. Haka sauro: cizon da ya hana yaro barci yau, shi ne zai zama zazzaɓin da zai ci jininsa mako mai zuwa.

An taɓa kawo mana wata yarinya 'yar shekara 14 daga wata makarantar hadda, ta faɗi a layin asuba. Mahaifiyarta ta ce mini, "Sista, yarinyar nan sangarta ce kawai, tun zangon da ya wuce ake kawo ƙararta." Na ja fatar idon yarinyar ƙasa, fari fat. Na tambaye ta a keɓe, ta ce al'adarta kwana 9 take yi, kuma tana cin farar ƙasa a ɓoye. Gwaji ya nuna himoglobin ɗinta 8 ne. Na ce wa uwar, "Hajiya, da wannan jinin ko ke ce ba za ki iya zaman awa uku kina karatu ba." Ta yi shiru, can ta ce, "Sau biyu na dake ta a kan barcin nan." Likita ya rubuta magani, aka kula da batun al'adar, bayan wata uku yarinyar ta dawo awo da ƙafarta tana dariya.

Alamomin da za ki duba ranar ziyara ko lokacin hutu

Ki ja fatar idonsa ta ƙasa a wuri mai haske. Ja ya kamata ta kasance. Ki dubi tafin hannunsa da harshensa da farcensa, ki kwatanta da naki ko na ƙannensa.

Ki lura ko yana haki idan ya hau bene ko ya ɗauko bokitin ruwa, ko yana jin jiri idan ya miƙe daga sujada ko daga zaune.

Ki tambaye shi ko yana sha'awar cin ƙasa, alli, gawayi, ɗanyar shinkafa ko tauna ƙanƙara. Wannan kwaɗayin alama ce mai ƙarfi ta ƙarancin ƙarfe. Ki yi tambayar cikin wasa, idan ya ga za a yi faɗa ba zai faɗa ba.

Ki tambayi 'yarki kwana nawa take yi, auduga nawa take amfani da ita a rana, kuma ko wadda kike saya mata tana isarta har ƙarshen zango.

Ki tambayi ɗanki namiji ko ya taɓa ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Idan yana jin nauyinki, mahaifinsa ko yayansa ya tambaye shi.

Ki tambaye su yadda ƙafarsu take da dare, sau nawa suke farkawa, da abin da yake tashinsu.

Akwai alamomin da ba a jira da su: haki alhali yaro yana zaune, suma, kumburin ƙafa ko fuska, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi. Idan kin ga ɗaya daga ciki, asibiti a ranar.

Abin da za ki yi a wannan hutun

Ki kai shi a auna jini a makon farko, domin idan akwai magani a fara shi a gabanki. Kusan kowane asibiti da ɗakin gwaji suna yin awon PCV ko na himoglobin, kuma yana cikin gwaje-gwaje masu sauƙin kuɗi. Idan ya yi ƙasa, a nemi dalili: gwajin maleriya, na bahaya, na fitsari. Ki ajiye takardar, ki sake awo hutu mai zuwa ki kwatanta.

Ki san jenotaif ɗin ɗanki kafin ki ba shi kowane maganin ƙarin jini. Mai sikila jininsa yana ƙasa ne saboda ƙwayoyin jininsa suna saurin fashewa, kuma ƙarfe yana iya taruwa ya yi masa illa, musamman idan ana yi masa ƙarin jini. Likitansa ne kaɗai zai ce a ba shi ko kada a ba shi.

Idan an rubuta ƙwayar ƙarfe, ga abin da ya kamata ki sani. Bahaya zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Wasu sukan ji tashin zuciya ko bahaya ya yi tauri, sai a sha bayan an ɗan ci abinci, a yawaita ruwa. Kada a haɗa ta da shayi ko madara, a ba da tazarar awa biyu. Cikin mako 2 zuwa 4 za a fara ganin canji, amma akan ci gaba da sha kamar wata 3 bayan jini ya daidaita domin a cika ajiyar jiki. Nan ne yawancin mutane suke yankewa, shi ya sa matsalar take dawowa. Idan zai koma makaranta da sauran maganin, ki damƙa shi a hannun matiron ko mai kula da ɗakin shan magani. A gida kuma ki ɓoye shi nesa da ƙananan yara, domin ƙwayoyin suna kama da alewa, kuma yaro ƙarami idan ya haɗiye da yawa ransa yana cikin haɗari.

Batun lemon malt da madarar gwangwani da ake haɗawa a ce yana ƙara jini: sukari ne da ruwa da madara. Zai ba shi ƙarfin awa ɗaya, ƙarfen da ke ciki kuwa bai taka kara ya karya ba. Kuɗinsa ya fi amfani a wajen mai hanta.

Ki ba shi maganin tsutsar ciki bisa shawarar ma'aikacin lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan makaranta sau ɗaya ko biyu a shekara a yankunan da tsutsar ta yi yawa.

Guzurin komawa makaranta

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jakar guzurin da muka saba haɗawa, sukari, gari, biskit, taliyar leda da ganyen shayi, tana maganin yunwa kawai. Ba sai kin ƙara kuɗi da yawa ba, ki sauya wasu kayan.

Ƙarfen da jiki ya fi saurin tsotsa yana cikin nama, hanta da kifi. Dambun nama, kilishi, busasshen kifi da soyayyar fara duk suna jure ajiya. Daga tsirrai kuma akwai ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, kantun riɗi, da garin busasshen zogale da za ki daka masa cikin yaji tare da daddawa ya riƙa barbaɗawa a abinci. A lokacin hutu ki yawaita wake, awara, ƙwai, kwaɗon zogale da rama, miyar alayyahu da ta kuka, da hanta ko sau ɗaya a mako.

Ƙarfen tsirrai yana buƙatar mataimaki, shi ne bitamin C. Lemon zaƙi, lemon tsami, goba, mangwaro, ɗanyen tumatir da garin ƙwalba duk suna da shi, idan aka ci su tare da abincin. Gero ma yana da ƙarfe, kuma jiƙa shi da tsimawa irin na koko yana sa jiki ya fi amfana da shi.

Ki sa gidan sauro mai magani a jakar, da igiyar ɗaurawa, da silifas na shiga banɗaki. 'Yarki kuma ki ba ta audugar da za ta ishe ta da rara.

Maganar da za ki yi da makaranta

Malaman nan amana suka ɗauka, da yawansu su ma awa 5 suke kwana. Idan kika je da zargi ƙofa za ta rufe. Ki je da takardar gwaji da ladabi: "Allah ya gafarta Malam, an auna yaron nan an ce jininsa ya yi ƙasa, likita ya ce yana buƙatar barci da abinci kaza. Ta yaya za mu taimaka?" Idan kuka haɗu ku biyar ko goma a taron iyaye da malamai, maganar ta fi nauyi.

Ga abubuwan da za ku nema, kuma babu mai cin kuɗi sosai a ciki:

A tsayar da lokacin kashe fitila, a kuma tabbatar ana bin sa. Idan tashi ƙarfe 4 da rabi ne, kwanciya ta kama ƙarfe 8 da rabi, ƙanana ma kafin nan.

A raba jadawalin ƙanana da na manya. Ɗan shekara 8 da ɗan shekara 17 buƙatarsu ba ɗaya ba ce, kuma tashin dare na nafila bai hau kan yaro ƙarami ba.

A ware lokacin ƙailula na gaskiya, wanda ba a cika shi da wanki ko shara ko horo ba. Ƙailula abu ne da addininmu ya san shi tun asali. Minti 30 zuwa awa ɗaya yana wartsake ƙwaƙwalwa, ko da yake ba ya maye gurbin barcin dare.

A daina horon hana barci ko hana abinci. Yaron da aka tsayar har 12 saboda bai kawo hadda ba, gobe ma ba zai kawo ba.

A raba shayi da babban abinci, a sa wake da ganye a jadawalin girki sau da yawa a mako, a tabbatar kowane gado yana da gidan sauro, a riƙa shanya katifu a rana da yin feshin kuɗin-cizo lokacin hutu.

A samu mace babba a ɓangaren 'yan mata wadda za su iya faɗa wa matsalar al'ada ba tare da tsoro ba.

A nemi asibitin da ke kusa ya riƙa zuwa awon jini ko sau ɗaya a shekara.

Akwai inda aka riga mu. A Indunusiya, ƙasar da ta fi yawancin ƙasashen duniya yawan Musulmi, miliyoyin ɗalibai suna karatu a makarantun addini na kwana da suke kira pesantren, masu tashin asuba da karatun dare irin namu. Binciken lafiya na ƙasar na 2018 ya nuna kashi 32 cikin 100 na matasa masu shekara 15 zuwa 24 suna da ƙarancin jini. Gwamnatinsu tana raba wa 'yan mata ƙwayar ƙarin jini ɗaya kowane mako ta hanyar makarantu, a sha tare a rana ɗaya a gaban malamai. Indiya ma ta fi shekara goma tana irin wannan shiri. Tushensa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta 2011, cewa a wuraren da ƙarancin jini ya kai kashi 20 cikin 100 a tsakanin mata masu al'ada, a riƙa ba su ƙwayar ƙarfe da folik asid sau ɗaya a mako. Alƙaluman ƙasarmu sun kusa ninka wannan iyaka sau uku. Makarantar kwana ta fi ko'ina sauƙin gudanar da irin wannan, tunda ɗaliban suna wuri ɗaya, muddin an yi shi da hannun ma'aikatan lafiya kuma an ware masu sikila.

Abin da ya wuce sakamakon jarrabawa

Yarinyar da take izu ashirin yau, nan da 'yan shekaru ita ce amarya, ita ce mai ciki. Ciki yana ninka buƙatar ƙarfe, haihuwa kuma dole a zubar da jini. Macen da ta shiga ɗakin haihuwa da cikakken jini tana iya jure zubar da za ta kayar da wadda ta shiga da rabi. Zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da suke kashe mata a ƙasar nan, kuma mu da muke aiki a asibiti mun san da yawan waɗannan matan tun suna 'yan mata jininsu yake ƙasa, ba wanda ya taɓa aunawa.

Mun kai yaranmu waɗannan makarantu ne don muna so su riƙe Littafin Allah a ƙirjinsu. Ƙirjin nan da jini yake aiki, ƙwaƙwalwar kuma da barci take ajiya. Kafin a koma wannan zangon, ki yi abu uku: ki kai shi awon jini, ki sauya kayan guzuri, ki tambayi makaranta ƙarfe nawa ake kashe fitila. Iyayen da makarantar 'ya'yansu ta riga ta gyara jadawalin barci ko ta fara awon jini, ku faɗa mana yadda kuka yi, wasu za su ɗauka.

Allah ya ba yaranmu lafiya da ilimi mai amfani, ya saka wa malamansu da alheri.